OFIS A CIKIN WAYA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan bayani ne domin Hakimai, da Dagatai, da malaman da ke riƙe da rajista a ofisoshinsu, musamman na unguwannin Kaduna da ke kudancin kogi, watau Kakuri, da Makera, da Barnawa, da Television, da Narayi, da Nasarawa, da Sabon Tasha, da Unguwar Romi, har zuwa Gonin Gora. Dalilin shirya shi kuwa shi ne, ayyuka da yawa waɗanda a da a ke yi da alƙalami da takarda a gaban akawu, yanzu sun koma cikin kwamfuta da wayar hannu. Amma talakawa ba su bar al'adarsu ta tun fil azal ba: in abu ya shige musu duhu, ƙofar Hakimi su kan nufa. Saboda haka ya wajaba Hakimi da malaminsa su san yadda a ke rarrabe shafin intanet mai kyau da maras kyau, su kuma san abin da ke hannunsu na gyara.

YADDA AKA ZO NAN

Tun sa'ad da aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna cikin 1917, manyan ofisoshin Gwamnati a arewacin kogi su ke. Kudancin kogi kuwa ya zama wurin mahaɗar jirgin ƙasa da masana'antu. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri cikin 1957, aka kafa United Nigerian Textiles da ma'aikatar ƙera makamai cikin 1964, kana kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki cikin 1975. Mutane suka yi ta tuɗaɗowa daga kowace kusurwa ta ƙasar nan don neman aiki, suka tarar da Gbagyi da Hausawa, suka sayi filaye, suka yi gine-gine. Da yawa daga cikinsu ba su da wata shaidar mallaka in ban da takardar ciniki mai sa hannun Mai Unguwa. Duk wanda ke da bukata a ofis kuwa tilas ya ƙetare gada, ya bi layi, wani lokaci a ce masa ya komo gobe.

Cikin 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya, ba a daɗe ba ta shiga kusan kowane gida. Cikin 2015 Gwamnatin Jihar Kaduna ta tattara kuɗaɗenta cikin asusu guda, ta kuma kafa hukumar KADGIS, wadda ta gaji aikin Ma'aikatar Filaye da Safiyo, ta mai da rajistar filaye cikin kwamfuta. Cikin 2016 aka yi dokar haraji wadda ta hana ma'aikaci karɓar kuɗin Gwamnati a hannu, sai dai a biya ta banki ko ta na'ura, daga baya kuma aka buɗe shafin PayKaduna don biyan irin waɗannan kuɗaɗe. Cikin 2017 aka rage gundumomin Hakimai na Jihar daga 390 zuwa 77. Watau ƙasar Hakimi ta ƙara faɗi, jama'arsa ta ƙaru, a daidai lokacin da hanyar biyan bukatunsu ta sake.

ZAURE DA CIKIN GIDA

Kowace ma'aikata tana da fuska biyu a cikin wannan sabon tsari, kamar yadda gidan Hakimi ya ke da zaure da cikin gida. Shafin intanet shi ne zaure. Kowa yana iya shiga daga inda ya ke, dare ko rana, ya karanta sanarwa, ya cika fom, ya biya kuɗi, ya karɓi rasit. Na biyun shi ne hanyar sadarwa ta cikin gida, wadda ma'aikata kaɗai ke shiga, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. A can a ke ajiye fayiloli, da takardun umarni, da rajista, a can kuma fom ɗin da talaka ya cika ya ke bi daga tebur zuwa tebur har a sa masa hannu.

Waɗannan biyu ba su rabuwa. In zaure ya ƙawatu amma cikin gida a hargitse ya ke, mai bukata zai cika fom cikin minti goma, ya yi wata shida yana jiran amsa. In kuwa cikin gida ya tsaru amma zaure ba shi da ƙofar da a ke gani, ba wanda zai shigo balle a yi masa aiki.

MA'AUNIN SHAFI MAI KYAU

Ba a auna shafi da yawan hotunan manya da ke kansa, ko da kyan launinsa. Ma'auninsa guda ne: shin wanda ya shigo da bukata ya biya ta da kansa, ya fita, ba tare da ya nemi ɗan tsakani ba? Alal misali, a ce ga wata mata a Kakuri, mijinta tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ya rasu ya bar mata gida da marayu, tana so ta sami takardar mallaka don kada wani ya taso da da'awa. Wayarta ƙarama ce, kuɗin data kuwa daga cikin kuɗin cefane ta ke cira. Shafin da ya biya wa wannan mata bukata ya biya wa kowa. Ga abubuwan da a ke dubawa.

1. A jera ayyuka da sunan bukatar mutane. Talaka bai san sunayen sassan ma'aikata ba, bai kuma kamata a tilasta masa ya sani ba. Abin da ya sani shi ne yana son takardar fili, ko zai biya kuɗin shago, ko zai kai ƙara. In shafi ya fara da jawabin shugaba da tarihin ma'aikata, ya ɓoye waɗannan a can ƙarƙashi, to, don ma'aikata aka yi shi, ba don jama'a ba.

2. A faɗi sharuɗɗa tun da fari. Kafin mutum ya latsa komi, a gaya masa takardun da zai tanada, da kuɗin da zai biya, da kwanakin da zai jira. Babu abin da ke karya gwiwa kamar mutum ya kai mataki na bakwai sa'an nan a tambaye shi takardar da ya baro a gida.

3. A yi magana da harshen da a ke ji. A kudancin Kaduna akwai Gbagyi, da Hausawa, da Bajju, da Atyap, da Adara, da Tibi, da Yarabawa, da Ibo, da waɗansu da yawa, galibinsu kuwa da Hausa ko sassauƙan Turanci su ke ciniki da juna. Turancin lauyoyi ba ya yi musu amfani. Ya kamata kowane shafi ya zo da Hausa da Turanci mai sauƙi, jimloli gajeru, a kuma haɗa da alamu. An ga amfanin alama a zaɓen Ƙananan Hukumomi na ran 12 ga Mayu 2018, sa'ad da Kaduna ta zama Jiha ta farko a Nijeriya da ta yi zaɓe da na'ura: tambarin jam'iyyu ne a fuskar na'urar, mai zaɓe ya taɓa wanda ya ke so, ko da bai iya karatu ba.

4. A yi shi daidai ƙarfin wayar talaka. Mai tsara shafi ya kan zauna ne a gaban babbar kwamfuta, cikin ofis mai wuta da intanet mai ƙarfi. Mai amfani da shi kuwa yana tsaye a bakin Hanyar Kachia, cikin rana, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Saboda haka a rage manyan hotuna, a yi rubutu manya-manya, maɓallai su zama masu faɗi yadda yatsa ba zai kuskure ba. In sabis ya yanke a tsakiyar aiki, abin da mutum ya riga ya rubuta ya zauna yana jiransa, kada a mai da shi farko.

5. A karɓi sunayen mutane da na wurare yadda su ke. Akwai fom ɗin da ba ya karɓar ƙugiyar ɓ, da ɗ, da ƙ, ko alamar da ke cikin Sa'adatu da Mu'azu, sai sunan mutum guda ya fito iri uku a takardu uku, ranar da za a gwada su da lambar ɗan ƙasa ko ta banki a ce ba shi ba ne. Haka kuma unguwa guda a kan rubuta ta Unguwar Romi, ko Ungwan Romi, ko Angwan Romi. Akwatin nema mai kyau shi ne wanda kowanne aka rubuta zai kai mutum wuri guda. Har wa yau, Barnawa da Narayi maƙwabta ne, amma Barnawa tana cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu mai hedkwata a Makera, Narayi kuwa tana cikin Chikun mai hedkwata a Kujama. Ya fi sauƙi mutum ya zaɓi unguwarsa, na'ura ta fitar da Ƙaramar Hukumarsa da kanta.

6. In an yi kuskure a faɗi inda ya ke. Shafin da zai ce kurum aiki bai yiwu ba, daidai ya ke da akawun da ya jefo wa mutum takardarsa ta taga bai ce uffan ba. A nuna layin da kuskuren ya ke, a faɗi yadda za a gyara.

7. A ba da shaida. Duk wanda ya biya kuɗi ko ya miƙa fom, a ba shi lamba da rasit nan take, a aika masa da saƙo a waya, ya kuma iya duba inda takardarsa ta kai ba sai ya hau mota ya ƙetare gada ba.

Inda aka rasa waɗannan, sai bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga. Masu shagon kwamfuta da 'yan kamasho su kan tsaya tsakanin talaka da Gwamnati. Akwai masu gaskiya a cikinsu, amma akwai wanda zai karɓi ninkin kuɗin aiki, ko ya sa lambar wayarsa a madadin ta mai fili, har duk saƙon da ya shafi filin ya riƙa zuwa gare shi. Cin hancin da aka kora ta ƙofa ke nan ya komo ta taga.

GWAJIN MUTUM BIYAR

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yi masa yoyo. Wanda ya tsara shafi ba ya ganin aibinsa, gama ya riga ya san inda komi ya ke. Hanyar gane aibi ita ce a zaunar da mutumin da bai taɓa ganin shafin ba, a ba shi aiki guda, a ce masa misali ya nemo kuɗin da a ke biya na takardar fili, sa'an nan a yi shiru a zuba masa ido. Ba a nuna masa, ba a yi masa gyara. Duk inda ya tsaya, ko ya koma baya, ko ya yi tsaki, a rubuta.

Wani masani mutumin Danmak mai suna Jakob Nielsen, shi da abokin aikinsa Thomas Landauer, sun yi lissafin wannan al'amari cikin 1993, kuma cikin 2000 Nielsen ya bayyana cewa gwaji da mutum biyar kaɗai ya kan tono wajen kashi 85 cikin 100 na matsalolin shafi. Shawararsa ita ce, maimakon a tara mutane da yawa sau ɗaya, gwamma a gwada da biyar, a gyara, a sake gwadawa da waɗansu biyar. Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Zauren Hakimi ya isa wurin yinsa, Hakimi kuma ya fi kowa sanin waɗanda za a kira: dattijo mai raunin gani, da mace mai sana'a a kasuwar Kakuri, da ɗan acaɓa ko mai keken haya, da ɗalibi, da wanda bai yi boko ba.

TSARIN CIKIN GIDA

Malaman ofis za su yi mamaki in sun ji cewa asalin shafukan intanet maganin ɓatan takardu ne. Cikin watan Maris 1989 wani Bature mutumin Ingila, Tim Berners-Lee, ma'aikaci a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da birnin Janeba, ya rubuta wa shugabanninsa cewa ma'aikata suna zuwa suna tafiya, kowa ya tashi sai ya tafi da abin da ya sani, na baya su rasa inda takardu su ke. Tsarin da ya kawo don maganin wannan shi ne ya bunƙasa ya game duniya.

Wannan cuta sananniya ce a kowane ofis. Malaman da na dauri sun yi maganinta da ƙa'ida: kowane fayil da lambarsa, da sunansa, da littafin da a ke rubuta wanda ya ɗauka da ranar da ya mayar. Albarkacin wannan ƙa'ida ne har yau a ke samun littattafan gundumomi da rahotannin haraji na zamanin En'e a Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Kwamfuta ba ta soke ƙa'idar ba, ƙara mata muhimmanci ta yi. Ga abin da a ke so.

Na farko, kowace takarda ta zama tana da gida guda. In takardar umarni tana wuri huɗu, ran da aka sake ta za a gyara ɗaya a manta uku, wani malami ya yi aiki da tsohuwa. Na biyu, kowace takarda ta nuna ranar da aka yi ta da ma'aikacin da ke da alhakinta. Na uku, a yi suna iri ɗaya: shekara, da gunduma, da batu, yadda baƙon malami zai nemo ta ba da tambaya ba. Na huɗu, a jera abubuwa bisa ga aikin yau da kullum, abin da a ke buɗewa kowace safiya ya zama shi ne a gaba. Na biyar, kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa, ba a aro, ba a rubuta ta a manna jikin bango, gama ita ce sa hannunsa, duk abin da aka yi da ita a wuyansa ya ke. Wanda aka yi wa canji ko ya yi ritaya a rufe tasa a ranar. Na shida, a ajiye kwafi a wani wuri dabam, domin gobara da ɓarawo ba su bar kwamfuta ba.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu wadda ya kamata a yi hattara da ita, watau aika takardun ofis ta WhatsApp. Tana da sauri, ba laifi a yi kiran taro da ita. Amma ba rajista ba ce. In waya ta ɓace, ko mai ita ya bar aiki, takardun sun tafi. Bugu da ƙari, cikin watan Yuni 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya, wadda ta ɗora wa duk mai tattara sunaye da lambobin jama'a alhakin tsare su. Jerin sunayen masu filaye da lambobinsu na ɗan ƙasa amana ce, ba a watsa ta cikin taron waya.

SHIRI NA DOGON LOKACI

Tun ran gini, ran zane. Sayen kwamfutoci da buɗe shafi da biki ba shi ne shiri ba. Shiri shi ne a san abin da a ke so a sauƙaƙa wa jama'a, da wanda zai fara, da wanda zai biyo, da wanda zai kula da shi bayan an watse daga biki. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NITDA cikin 2001 don lura da wannan fanni, cikin Nuwamba 2019 kuma ta fito da manufarta ta shekara goma, daga 2020 zuwa 2030. A Ingila ma an daɗe kowace ma'aikata tana da nata shafi, jama'a suna ruɗewa, sai cikin Oktoba 2012 aka buɗe shafi guda mai suna GOV.UK, aka tattaro ma'aikatu cikinsa, bisa ƙa'idar cewa da bukatar mai shigowa a ke farawa.

Shiri nagari yana da alamu huɗu. Yana gyara hanyar aiki kafin ya sa ta cikin na'ura, gama takardar da ke bin tebur goma sha biyu ba dalili, in an sa ta a kwamfuta tebur goma sha biyu za ta bi. Yana hana a tambayi mutum abu guda sau biyar a ofis biyar. Yana tanadin kuɗin gyara da na horad da ma'aikata kowace shekara, yana kuma tabbatad da cewa mabuɗan shafi da bayanan da ke ciki suna hannun Gwamnati, ba hannun ɗan kwangila ba. Sa'an nan yana barin ƙofa a buɗe ga wanda ba shi da babbar waya: tebur a ofis inda ma'aikaci zai cika masa kyauta, da lambar da za a kira, da irin lambobin nan masu farawa da alamar tauraro waɗanda bankuna ke amfani da su a ƙaramar waya.

ABIN DA A KE BUKATA DAGA HAKIMAI DA MALAMAI

1. Malamin Hakimi ya buɗe littafi na musamman. Duk wanda ya zo da kukan shafi, a rubuta rana, da sunan shafin, da abin da ya je yi, da daidai inda ya tsaya. Kowane ƙarshen wata a tattara a aika wa ma'aikatar da abin ya shafa ta hanyar da aka saba. Kukan da aka ce shafi ba shi da kyau ba ya gyara komi. Wanda aka ce mutum tara sun tsaya a wurin ɗora hoto, shi ke sa a gyara.

2. A tsara jerin sunayen unguwanni da tituna na gunduma, da duk yadda a ke rubuta kowanne, da tsohon suna da sabo, a miƙa wa masu tsara shafi. Ba wanda ya san wannan kamar Dagatai da Masu Unguwa.

3. A manna sahihin adireshin kowane shafi a allon sanarwa na ofis, bayan an tabbatad da shi daga ma'aikatar kanta. Adireshin da ya ƙare da .gov.ng na hukuma ne, amma da ya ke waɗansu hukumomi suna amfani da wani iri, kuma mazambata su kan kwaikwayi shafin Gwamnati, tabbatarwa ta zama tilas.

4. A yi shela a masallatai, da majami'u, da kasuwanni, cewa kuɗin Gwamnati ba a ba da shi a hannu, ba a kuma tura shi cikin asusun wani mutum. Kowa ya sa lambar wayarsa ta kansa a fom, ya adana rasit.

5. Kada a yar da rajistar takarda. Takardun ciniki, da na gado, da shaidar iyaka da ke ofishin Hakimi su ne tushen abin da a ke shigarwa cikin kwamfuta, ran da gardama ta taso kuwa gare su za a koma.

Aikin Hakimi tun asali shi ne ya zama idon Sarki da kunnensa a cikin ƙasa, ya kai kukan talakawa sama, ya sauko musu da umarni yadda za su fahimta. Wannan aiki yana nan yadda ya ke, kayan yinsa ne suka sake. A na fatan Hakimai za su sa a karanta wannan bayani a majalisarsu, a gaban Dagatai da Masu Unguwa, su kuma fara littafin da aka ambata tun daga wannan wata. Allah ya ba da ikon riƙon amana, ya zaunad da ƙasa lafiya, amin.